Madalla da Zanen Aro

Wanda ya fara cewa zanen aro ba ya rufe katara bai riski zamaninmu ba. Da Allah Ya ja kwanansa ya leƙo ɗakin ɗan yayata a Kashin Zama da ƙarfe biyun dare, ya ga yaro lulluɓe da zanen aro tun daga ka har tafin ƙafa, da ya janye karin maganarsa ya ba da haƙuri. Mun iso lokacin da ba a kaɗi, ba a saƙa, ba a rini. Hannu kawai ake miƙawa a zaro daga igiyar shanyar mutanen da ba a taɓa gani ba, a ɗaura, a shiga kasuwa ana taƙama. Na ɗauki alƙalami ne don in yaba wa wannan falala, domin na lura masu cin moriyarta sun cika rowar godiya.

Ga waɗanda suka girma irin girmana, da allo da tawada, sai an ɗan warware zancen. Mai shirya manhajar kwamfuta ba daga turɓaya yake farawa ba. Yana da abin da 'yan sana'ar ke kira firamwok, wato ƙwarangwal ɗin gini da wasu suka riga suka kafa: dirka, azara, ƙofa da taga. Firamwok ne ke ba shi fuskar da za ta bayyana a allo, da maɓallan dannawa, da akwatunan cike suna. Amma ƙwarangwal ba gida ba ne. In ana son manhaja ta buga rasit, ko ta zana hawa da saukar farashi, ko ta juye lissafi a takardar Excel, sai a nemo laburare. Ba na littattafai ba. Ƙunshin kod ne da wani ya rubuta don wani aiki guda, ya ajiye a intanet, mai so ya ɗauka. Akwai waɗanda masu firamwok suka haɗo da kayansu, akwai kuma na bare. Na baren nan su ne gwanayena.

Ɗan yayata ya gama karatun kwamfuta a jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero, wadda aka kafa a 2006, ya dawo gida yana jiran kiran hidimar ƙasa. Sai wani aminin mahaifinsa, babban mai fataucin albasa, ya aika a kira shi. Alhaji na sayen albasa hannun manoma lokacin da ta yi araha, ya jibge a rudu, ya yi ta haƙuri da wadda ke ruɓewa har sauran ta yi daraja wajen ƙarshen shekara, sannan a loda tirela zuwa Mile 12 a Legas. Wa aka ba bashin taki, buhu nawa ya kawo, nawa ne la'adar dillali, nawa direba ya karɓa na mai, duk suna cikin wani littafi mai baƙin bango wanda ko makaho ya shinshina zai faɗi sana'ar mai shi. Abin da yake so bai taka kara ya karya ba: a mai da littafin nan cikin kwamfutar da ke kan teburinsa.

"Amma ba ni son irin wadda ka tsayawa in sabis ya tafi," in ji Alhaji.

"Mako biyu, Baba Alhaji," in ji yaro. "Komai akwai shi a intanet. Kyauta ne ma."

Kyauta ne ma! Ban san wata kalma da ta fi wannan daɗi a bakin ɗan zamani ba.

Falala ta farko ita ce yalwar zaɓi. Ga Qt, wanda wasu samari biyu suka fito da shi a Oslo ta ƙasar Nowe a 1995, Nokia ta saye kamfaninsu a 2008, ta sallamar wa Digia a 2012, kamar akuyar da ta san hanyar kowace kasuwa. Ga Electron na GitHub, ɗan 2013, mai karamcin da ban taɓa jin irinsa ba: duk manhajar da aka gina da shi sai ya haɗa mata da cikakken birauzar Chromium a cikinta, ko da aikinta bai wuce tara biyu da biyu ba, ta haura megabayit 100 tun ba a koya mata komai ba. Ka aiki yaro sayen ashana, ya dawo maka da kantin gaba ɗaya. Wane uba ne zai yi fushi? Ga na Microsoft, ga na Java, ga kuma tsoho mai ran ƙarfe, Visual Basic 6 na 1998, wanda masu shi suka daina kula da kayan aikinsa tun 2008 amma ya ƙi kwanciya. Kowanne da kasuwar laburarensa, kuma na wannan ba ya shiga wancan, yadda tayar babur ba ta hawa kan amalanke. Yaro ya zaɓi ɗaya. Ba zan faɗi wanne ba, kada sauran su yi kishi.

Daga nan sai shiga kasuwa. Mu da muka saba da kasuwar Jega mun ɗauka mun san kasuwa, alhali wahala muka sani. A Jega sai ka san rumfar da za ka, ka san mai rumfar, ka san ubansa. In ka sayi buhu ka tarar da ƙasa a gindinsa, akwai sarkin kasuwa, akwai dillalin da za a riƙe wa riga. Duk wannan ɗawainiya an ɗauke wa ɗan yayata ita. Rumbun npm kaɗai na ɗauke da ƙunshi sama da miliyan 2, na PyPI ya haura dubu 500, kuma kusan kowa na iya baza hajarsa ba tare da wani ya ɗanɗana ba. Ka rubuta abin da kake nema, su zubo kamar fara. Ta yaya za a zaɓa? Ai an sauƙaƙa: taurari ake dubawa. Tauraro kuwa shaida ce da duk mai wucewa ke iya dannawa ko bai taɓa kwance ƙunshin ba, har akwai masu sayar da su ga mai bukata. Ina ma a ce haka ake auren 'ya'ya, a ƙirga yawan waɗanda suka ɗaga wa saurayi hannu a kan hanya, a ɗaura.

Wanda ya fi taurari cikin masu buga rasit, rabon da mai shi ya taɓa shi shekara shida. A shafin koke-koke mutane sun yi layi daga ƙasashe daban-daban suna sallama: ko maigidan yana nan? Shiru. Yaro ya ɗan damu, ni na kwantar masa da hankali. Abin da ya kai kamala me zai sa a taɓa shi? Kuma kasuwar ba ta barin kowa ya koma hannu rabbana. Ko yatsanka ya zame ka rubuta suna ba daidai ba, akwai bayin Allah da suka hango kuskurenka suka tanadar maka kaya a wannan sunan. A 2017 an gano wani ƙunshi mai suna crossenv, tagwayen cross-env na gaskiya in ban da ɗan karan da ke tsakiya, yana kwashe sirrin kwamfutar duk wanda ya sauke shi yana aika wa mai shi. Ka yi ɓatan kai, ka tarar an shimfiɗa maka tabarma. Ina aka taɓa irin wannan karɓar baƙi?

Na kwana biyu a gidan a lokacin, don haka da idona na ga ibadar saukewa. Sai dare ya raba ake farawa, lokacin da data ke araha kuma masu kallon bidiyo sun yi barci. Wayar da ke ba kwamfuta intanet ana ɗora ta kan katangar bayan gida, a tokare da rabin bulo, domin nan ne kawai sabis ke cika sanda uku. Yaro na zaune a kan turmi, kwamfuta a cinya, sauro na karɓar nasa rabon. Takardar bayanin laburaren ta ce layi ɗaya za a rubuta, cikin daƙiƙoƙi an gama. Allah Ya saka wa marubutanta, sun kyautata mana zato. Sun ɗauka kowa na zaune ne inda wuta ba ta ƙiftawa. Ya rubuta layin. Sai na ga sunaye na gudu a allo kamar tururuwa an tona gidansu.

"Kai, ba guda ka ce za ka ɗauko ba?"

"Guda ne, Kawu. Sauran waɗanda ya dogara da su ne."

Ashe amarya ɗaya ce, 'yan rakiya ɗari uku, kowace 'yar rakiya kuma ta zo da ƙanwarta, ƙanwar ta goyo ɗa. Duk kai za ka ciyar. Ana dab da gamawa iska ta kaɗa, wayar ta sulluɓo daga katanga, aka koma farko. A watan Janairun 2025 hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince a ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin ɗari, ga fetur ɗin janareta da ya yi fiffike tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023. Haka kyauta take. Ba ta karɓar ko sisi a hannunka, sai dai ta nuna maka waɗanda za ka biya kafin ka iso gare ta.

Kada a ɗauka 'yan rakiyar nan 'yan cin tuwo ne kawai. Kowanne da muƙaminsa. Akwai laburare mai suna is-even wanda aikinsa a duniya shi ne ya faɗa maka ko lamba tana rabuwa biyu daidai. Shi ma ba ya wahalar da kansa: wani yake tambaya mai suna is-odd, ya juya amsar. Shi kuma is-odd sai ya tuntuɓi is-number ya tabbatar masa abin da aka kawo lamba ce. Sarki, waziri, da ɗan aike, a kan abin da yarinya mai tallan ƙosai ke yankewa kafin ka rufe baki. Wannan ita ce sarauta.

Amma sarkin sarakunan shi ne left-pad. Layi 11 ne kacal. Aikinsa ya cike gefen hagu na rubutu, misali ya mai da 7 ta koma 007, irin yadda ake lambar rasit. Ranar 22 ga Maris 2016, mai shi, Azer Koçulu, ya fusata saboda an ƙwace sunan wani ƙunshinsa an ba kamfanin Kik, sai ya kwashe kayansa kaf daga npm, sama da guda 250, har da left-pad. Nan take gine-ginen manhaja suka riƙa tsayawa a faɗin duniya, cikinsu har da manyan kayan aiki irin Babel da dubban mutane ke dogaro da su, sai da masu rumbun suka maido da ƙunshin ba da yawun mai shi ba. Injiniyoyi masu albashin dala suka yi cirko-cirko, domin mai zane ya zo ya karɓi zanensa a tsakiyar kasuwa. Masu hassada sun kira wannan abin kunya. Ni zumunci na gani. Duniya ta zama tsintsiya maɗaurinki ɗaya, sai dai maɗaurin na hannun wani wanda ba a san ranar da zai yi fushi ba.

A nan ne zan jinjina wa zamani a kan babban 'yancin da ya ba mu. Ƙasar Gwandu ƙasar malamai ce, tun daga Abdullahi ɗan Fodiyo har almajiran almajiransa, kuma malaman nan sun gaji wata takura daga magabata mai suna isnadi. Ba a karɓar hadisi sai an ce wane ya ji daga wane, wane daga wane. A bi kowane mai ruwaya a ga ko mai gaskiya ne, ko yana da riƙo, ko ma ya taɓa haɗuwa da wanda ya ce ya ji daga bakinsa. In aka iske mutum ɗaya a sarƙar wanda ba a san ko wane ne ba, sai a ce majhuli ne, ruwayar ta raunana. Dubi ɓata lokaci! Manhajar Alhaji na da masu ruwaya ɗari uku, ɗan yayata bai san ko ɗaya ba, bai karanta ko shafi guda na abin da suka rubuta ba, kuma ya miƙa musu lissafin dukiyar mutum da zuciya ɗaya. Da can ana kiran wannan ganganci. Yanzu sunansa saurin aiki.

Majhulan kuwa ba su ba mu kunya ba. A 2018 wani mai suna Dominic Tarr ya gaji da kula da event-stream, laburaren da ake saukewa kusan sau miliyan 2 a mako alhali shi ya daɗe da daina amfani da shi. Wani baƙo ya yi sallama ya ce zai taya shi. Ya miƙa masa mabuɗi. Baƙo ya shigo da ɗan rakiya guda, flatmap-stream, wanda aka ɓoye wa umarnin yashe asusun masu ajiyar Bitcoin a manhajar Copay. Sai bayan wata biyu aka farga.

Na xz ya fi wannan nuna tarbiyya. Ƙaramin kayan matse fayil ne da ke cikin kusan kowace kwamfuta mai Linux, kuma mutum ɗaya, Lasse Collin, ya yi shekaru yana ɗauke da shi ba albashi. Daga 2021 wani mai kiran kansa Jia Tan ya fara kawo gudummawa, gyara nan, shara can, cikin ladabi. Wasu sunaye kuma suka taso suna yi wa Collin gori cewa ya cika nawa, ya ba wani dama mana. Ya ba shi. Sama da shekara biyu Jia Tan na haƙuri irin na mai ajiyar albasa, sannan a farkon 2024 ya dasa ƙofar ɓoye da za ta iya buɗe masa manyan kwamfutocin duniya. Abin da ya tona shi, wani injiniya, Andres Freund, ya lura shiga wata kwamfuta na ɗaukar kusan rabin daƙiƙa fiye da yadda ya saba, ya bi diddigi, ya fallasa ranar 29 ga Maris. Rabin daƙiƙa. Da a kan katangarmu ne, inda shafi ke buɗewa bayan an sha shayi, da Jia Tan ya mutu da mutuncinsa. Har yau ba a san ko mutum ɗaya ne ko ƙungiya ba.

Mu koma ga Alhaji. A wata na uku aka kai ga buga rasit na farko. An sayo 'yar firinta mai ƙona takarda, irin ta masu POS, aka tara yaran shago, Alhaji ya gyara zaman tabarau. Ta yi ƙara, ta tofo takarda. Sunan manomin da ya kawo kaya Ɗahiru ne. Ga abin da ta buga: ?ahiru. A ƙasa kuma: buhu ?ari, biyar sun ru?e. Inda alamar naira za ta fito, wani ɗan akwati ne ya zauna babu komai a cikinsa, wanda na ɗauka sharhi ne a kan darajar kuɗin.

Alhaji ya juya takardar sama da ƙasa. "Wanga mi na na? Tambayata takai?"

Haruffanmu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, suna cikin Unicode, kundin haruffan duniya, tun farkon shekarun 1990. Sai dai mai laburaren bai taɓa jin labarinsu ba, firintar ma haka, don haka cikin tawali'u suka sa alamar tambaya, wato Allahu a'alamu. Yaro ya kwana uku yana neman wani laburaren da zai mai da rasit hoto kafin a buga. Ya samu, da nasa 'yan rakiyar. Sai jerin masu bashi ya fito da sabon tsari: duk mai sunan da ya fara da Ɗ ko Ƙ an kai shi bayan Zubairu, can ƙarshen layi, wurin baƙi. In yaron shago ya rubuta Dahiru ba lanƙwasa, manhaja ta rantse ba ta san shi ba, ta buɗe masa sabon shafi fes. Mutum ɗaya, shafi biyu, bashi ya rabu. Ɗahiru dai bai kai ƙara ba.

Kwanan wata ma an yi mana gata. Akwai laburaren kalandar Hijira iri-iri, wasu na bin lissafi tsagwaronsa, wasu na bin Ummul Ƙura ta Saudiyya. Babu wanda ke jiran sanarwar Sarkin Musulmi daga Sakkwato, don haka wani lokaci manhaja kan riga gari shiga sabon wata da kwana guda. Ta fi mu himma. Shi kuwa Alhaji ba da wannan ma yake yanka wa'adi ba. "Bayan ƙaramar Salla" yake cewa, ko "in an cire albasa". Cikin ƙunshi miliyan 2 babu wanda ya san wannan wa'adi, babu wanda ya san gyara da ake ɗora wa mai saye, babu wanda ya san buhun da aka cika aka yi masa hula ya bambanta da wanda aka ɗinke bakinsa. Laifinmu ne. Mu ne muka ƙi daidaita cinikinmu da abin da aka rubuta a Kalifoniya.

Sai lasisi. Ashe kyauta ma dangi-dangi ce. Akwai irin MIT, mai cewa ɗauki ka yi yadda kake so, ka dai bar sunana a jiki. Akwai GPL, mai cewa in ka gina da ni ka raba wa mutane, to ka ba su kod ɗinka su ma a kan sharaɗi ɗaya. Akwai masu fuska biyu: PyQt, alal misali, ko ka bi GPL ko ka sayi lasisi. Yaro na mafarkin sayar da manhajarsa ga 'yan albasa daga Aliero har Maiyama ba tare da ya buɗe cikinta ba, sai ya gano mai zana masa jadawali ɗan GPL ne, na sayarwar kuma da dala ake biya, dalar da ta haura naira 1,500 a 2024. Amma duk lasisin nan sun haɗu a kan magana guda, wadda suke rubutawa da manyan baƙaƙe: kaya yadda ka gan su, babu lamuni, in sun jawo maka asara kai ka jiyo. Na so a ce mai ɗorin karaya a Aliero zai iya faɗin haka kafin ya kama ƙafar mutum. Ina! Shi an san gidansu, an san wanda ya gada, in ƙafa ta karkace har jikokinsa sai sun ji a jikinsu. Ci baya ke nan.

Ba zan manta da masu zanen ba, domin a nan ne halin kirkinmu ya fi fitowa. Lokacin da aka gano ɓarakar Heartbleed a watan Afrilun 2014, a cikin OpenSSL da ke tsare sirrin wani babban kaso na shafukan duniya, sai aka ji gudummawar da ake ba masu aikin ba ta wuce kimanin dala 2,000 a shekara ba. Bankuna da manyan kamfanoni na kwana a inuwarsa, sun bar masu shi da ladan lahira, don kada kuɗi ya ɓata musu niyya. Wani kuwa, Marak Squires, bai gane wannan karamci ba. Ya yi shelar ya gaji da yi wa manyan kamfanoni aikin banza, sannan a watan Janairun 2022 ya lalata laburarensa biyu da hannunsa, colors da faker, manhajojin mutane suka kama zubo shirme ba tsayawa. Aka yi ta tsine masa. Da gaskiyarsu: jakin da aka saba hawa kyauta, ranar da ya yi tutsu ai shi ne mara kunya. Na tambayi ɗan yayata ko ya taɓa aika wa ɗaya daga cikin ɗari ukun nan ko da na gode. Ya dube ni kamar na ce ya gai da famfo.

A wata na biyar komai ya haɗu a kwamfutar yaro. Aka ɗauka aka kai ta Alhaji, wata 'yar gwanjo mai Windows 7 da ke aiki lafiya tun zuwanta. Ta ƙi buɗewa. Ashe zamani ya yi gaba: Qt 6 da ya fito a Disambar 2020 ba ya hawa Windows 7, Python ya bar ta tun daga 3.9, Electron ma ya yi mata sallama a 2023. To a koma tsohon firamwok mana? Sai mai jadawali ya ce shi da sabo kaɗai yake shiri, mai buga rasit ya ce shi sai tsoho. Kishiyoyi biyu, miji ɗaya, kowace ta ce in waccan na gidan ita ta tafi. Shawarar da aka samu a intanet gajeriya ce, mai cike da tausayi: a sayi sabuwar kwamfuta. Buhu nawa ke nan, ba su tambaya ba.

Akwai 'yan baƙin ciki da za su zo muku da wasu maganganu, ina gargaɗinku da su. Za su ce ba aron ne laifi ba, tunda ba mai hankalin da zai zauna ƙirƙiro hanyar ɓoye sirri ko tsarin PDF shi kaɗai. Wai laifin shi ne aro ido rufe. Za su ce kafin ka ɗauko ƙunshi ka buɗe bakin buhun ka zura hannu har gindi, ka ƙirga 'yan rakiyarsa, ka duba yaushe aka taɓa shi, mutum nawa ke riƙe da shi, me lasisinsa ya ce. Za su ce abin da layi 11 zai yi ka rubuta da hannunka, wanda ka ɗauko kuma ka ƙulle shi a lambar da ka gwada, ka ajiye kwafinsa a gida. Za su kawo misalin SQLite, rumbun ajiyar bayanai da Richard Hipp ya fara a shekarar 2000, fayil guda, ba ya neman sabis, ba ya jan zuga, wanda shi kaɗai ne cikin kayan yaron nan bai taɓa sa shi hawa katanga sau biyu ba. Mafi muni, za su ce ɗaliban Aliero da na Birnin Kabi da na Sakkwato su zauna su rubuta ɗan laburaren da ya san Ɗ tana bin D, ya san naira, ya san buhu, su ma su shanya a igiya wani ya ɗauka. Kun ji fa. Mu da aka san mu da karɓa, a ce mu koma bayarwa? Wa zai ba mu tauraro?

Yau wata bakwai ke nan da mako biyun. Manhaja na aiki, a kwamfutar yaro, wadda ya bar wa Alhaji aro. Rasit na fita da Ɗ ɗinta har da ƙugiya. Da rana yaron shago na shigar da lissafi, Alhaji na nuna wa abokan fatauci allon yana cewa ɗansa ne ya ƙera. Da dare kuma, in an watse, sai ya jawo littafin nan mai baƙin bango daga ƙarƙashin kwamfutar, inda yake aikin tokare ta don ta sha iska, ya kwafe komai da biro. Na tambaye shi dalili.

"Na tambayi yaro wa ar rubuta abin da ac ciki, ya ce mutane na da yawa, bai san su ba. Na ce to in kuɗina sun ɓace, gidan wa za ni?"

Tsohon zamani ke nan, ba ya jin magana.

Jiya na sake kwana a gidan. Wajen ƙarfe biyu na ji motsi a bayan ɗaki. Wai saƙo ya zo cewa an gano ɓaraka a cikin ƙanwar wata 'yar rakiya, sai an sabunta, kuma in an sabunta ta mai buga rasit zai yi yaji. Rabin bulon ya ɓace, an ce yara sun ɗauka sun yi murhu. Na karɓi wayar na tsaya jikin katanga, sauro na kuka a kunnena.

"Kawu, ɗaga ta sama kaɗan."

Na ɗaga.